Wa Zai Fara Dawowa Birnin Gwari?

Daga shataletalen Mando a Kaduna zuwa Birnin Gwari kilomita 120 ne da ɗoriya. Motar kirki a hanyar kirki ba za ta ci awa biyu ba. Amma an yi shekaru, in mutumin Birnin Gwari yana da uzuri a Kaduna, sai dai ya jira ayarin da sojoji za su raka, ko ya yi dogon zagaye ta wata jiha, ko kuwa ya nemi gafarar iyalinsa ya shiga mota haka nan. Mu mutanen Kaduna kuwa mun cire hanyar daga lissafinmu gaba ɗaya. Biki ko rasuwa, in a can ne, waya ake bugawa, in ma an yi sa'a akwai sabis.

Da labarin sulhu da 'yan bindiga ya zauna, aka yi kaka, hunturu ya fara sauka, sai na shiga motar haya a Mando da hantsi. Abin da nake son gani shi ne gandun dajin Kamuku. Sunansa na cikin jerin gandayen namun daji na Gwamnatin Tarayya, amma da wuya ka haɗu da wanda zai ce maka can ya kai iyalinsa yawon Sallah.

Garuruwan hanyar duk mun san su daga rediyo. Ba mu yi nisa ba muka wuce Afaka, inda a daren 11 ga Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin tarayya mai koyar da aikin gandun daji. Yaran da ake koya wa kula da daji, cikin dajin aka tsare su. Buruku, Udawa, Labi, kowane suna da abin da yake tunatarwa. A Kuriga ne ranar 7 ga Maris 2024 aka tasa ƙeyar 'yan makaranta zuwa daji da sanyin safiya, sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki gwamnati ta sanar da dawo da 137 daga cikin jihar Zamfara. Muna isowa wannan yanki hirar siyasar da ake ta yi a motar ta mutu don kanta. Wata dattijuwa a kujerar baya ta ciro carbi.

Ta taga kana iya karanta abin da ya faru ba tare da kowa ya gaya maka ba. In ka hango mangwaro da tsamiya sun taru wuri guda a tsakiyar ciyawa, to kufai ne, da can gari ne. Wasu gidajen an kware kwanon rufinsu, bango kawai ya rage. Amma a tsakanin kufan akwai sabon abu: masara a shanye a gefen kwalta, kwano sabo fil yana ƙyalli a kan tsohon gini, yara na tallan gyaɗa da rake a wurin da motoci ke rage gudu saboda ramuka. Ga kuma buhunan gawayi jere, tsibi bayan tsibi. A lokacin ban kawo komai a raina game da gawayin ba, sai daga baya.

Na tambayi direba ko yanzu suna bin hanyar da dare.

"Ana bi, Malam, tireloli ma kwana suke yi suna wucewa," in ji shi. "Amma ni in magariba ta same ni a Buruku, a nan nake kwana. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake."

Birnin Gwari gari ne da hanya ta yi. Tsohuwar Birnin Gwari tana nan har gobe ta wajen hanyar Funtuwa, mazaunin masarauta na yanzu kuwa shi ne tsofaffin taswirori ke kira Sabon Birnin Gwari, wanda ya zauna a bakin babban titi. Titin nan shi ne tsohuwar hanyar Legas: Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jebba, a faɗa Ilori. Goron Kurmi ta nan yake hawowa, shanun Arewa ta nan suke gangarawa. A nan kuma hanyar Funtuwa ke haɗewa da ita, ta kawo motocin Katsina da Zamfara. Duk direban da ya kai wannan mararraba sai ya tsaya: ya ci tuwo, ya sha shayi, mai faci ya duba masa taya, ya yi salla, wani lokaci ya kwana. Kuɗin baƙo ne ke juya garin, kuma baƙon nan bai taɓa zuwa don shaƙatawa ba, wucewa yake yi.

Ciwon farko da garin ya ji, Abuja ce ta jawo shi, tun kafin a fara maganar bindiga. Da aka mayar da fadar gwamnati can a Disambar 1991, aka kuma gyara titin Kaduna zuwa Abuja, ƙananan motoci masu zuwa kudu suka koma bin Abuja da Lokoja. Manyan motoci ne suka tsaya wa tsohuwar hanya, su ne kuma suka cinye kwaltarta. Sannan daji ya juya. Abin ya faro da fashin kan hanya da satar shanu, har ya kai ga kisan masallata a Dogon Dawa a Oktoban 2012. A Mayun 2018 aka kashe mutum sama da 40 a Gwaska a rana guda. 'Yan Ansaru suka sami mafaka a gabashin ƙasar, suna wa'azi a ƙauyuka. Manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya, ba ya girbe sai ya sake biya. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layukan waya a yankin, ta hana hawa babur, ta dakatar da wasu kasuwannin mako, da nufin a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai. Talakan garin ne ya fi kowa jin ta a jikinsa. Duk tsawon shekarun nan Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubair Jibril Mai Gwari II, da ƙungiyar ci-gaban masarautar, BEPU, ba su daina kai kuka ga 'yan jarida da hukumomi ba, kuma da yawan abin da duniya ta sani game da halin ƙauyukan Kuyello da Randagi da Kakangi daga bakinsu ya fito.

A ƙarshen Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin da kansa, ya karɓi wasu jagororin 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makami, ya kuma buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekaru a rufe. Karar na fara zuwa gani, don in kana son sanin lafiyar gari irin wannan, can za ka je kafin ka je sakatariya.

Ƙura, kukan shanu, dillalai suna jan hannun mai saye zuwa gefe, 'yan kamasho suna ihu a bayan tirelar da ake lodi. Samarin Fulani da sanduna a kafaɗa suna ciniki da mahauta, suna shan fura a rumfa ɗaya da mutanen gari. Wanda bai san tarihin wurin ba zai ce kasuwa ce kamar ta Maigatari ko ta Wudil. Amma idanu na aiki. Na zauna cin shinkafa da wake a rumfar wata mai abinci, mace mai manyan shekaru, na yi mata barka da dawowar kasuwa.

"Alhamdu lillahi, ɗana," ta ce, tana zuba wa wani yaro mai da yaji. "Da tukunya ɗaya nake dafawa ta kwana. Yanzu kafin la'asar na kankare ta biyu."

Na ce, to, Inna, hankali ya kwanta ke nan.

Ta ɗan dube ni. "Akwai wanda zan zuba wa abinci, na san shi, ya san na san shi. In karɓi kuɗinsa in ba shi canji. Ka ce hankali ya kwanta, to, ya kwanta."

Ban sake tambayarta komai ba. Sulhun nan ya buɗe hanya da gona da kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ke zaune a Kaduna ko Abuja yana sukarsa ya fara tambayar kansa ko shi zai iya shekara goma bai shiga gonarsa ba. Amma ba a yi shari'a ba, ba a biya diyya ba, bindigogin ma ba duka aka gani a fili ba. Duk mai lissafin kawo baƙi Birnin Gwari da wannan zai fara.

Wanda ya raka ni bakin daji wani dattijo ne da ya yi aikin gandun har ya ajiye. A babur ɗin ɗansa muka tafi, ni da shi, tun da sanyin safe. Tun kafin mu tashi ya kafa mini sharaɗi: inda ya ce a tsaya, a nan za a tsaya.

Gandun Kamuku ya girmi Nijeriya mai 'yanci. A 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun namun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da gandun Kuyambana na jihar Zamfara, wato a ido daji ɗaya ne, a takarda ne ya zama biyu. Sunan ya samo asali daga Kamukawa, waɗanda su da Gwarawa suka riga kowa zama a duwatsun yankin. A cikinsa akwai Goron Dutse, wani narkeken dutse mai sulɓi da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar fili, da Tsaunin Rema, da inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a Dogon Ruwa. Masu nazarin tsuntsaye sun lissafa iri 177 a gandun.

Ni dai ɗan Kaduna ne da ya saba ganin daji ta gilashin mota, shi ya sa abin da ya fara kama ni shi ne inuwa. Doka ce ta fi yawa, dogaye, miƙaƙƙu, kuma a farkon rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙarau, ita sai ta fitar da sabon ganye ja mai sheƙi. A tsakaninsu ga maje, ga ƙirya mai taurin tsiya, ga baushe, taura, kaɗanya, ɗorawa. Dattijon yana tafiya yana kiran sunayensu, yana faɗin amfanin kowace: wannan ta turmi ce, wannan saiwarta maganin ciki, wannan ƙudan zuma ke so. Makwarwa ta tashi fir daga gabanmu. Cilakowa biyu suka bi ta kanmu da tashinsu na hawa da sauka. Can nesa muka ji haushin gwaggon biri.

"Baba, giwa fa?" na tambaye shi.

"Giwa da idona na gan ta a dajin nan, ba sau ɗaya ba," ya ce. "Daga Kuyambana suke hayowa, su koma. Gwanki garke-garke, kanki, mazo, gada, mugun dawa. Turawa kan zo da madubin hangen nesa, su wuni a gindin itace ɗaya saboda tsuntsu. 'Yan jami'ar Zariya ma suna zuwa da malamansu. To, yaro, dajin da aka yi shekaru ana harbi a cikinsa, mai bindiga kuma shi ma yana jin yunwa, ka san sauran."

Muka kai wata tsohuwar hanyar sintiri da ciyawa ta cinye, wadda ya ce da ita ake bi zuwa cikin gandun da mota. A nan ya tsaya. Na ce ko za mu ɗan ƙara gaba, ya girgiza kai. A cewarsa, sulhu da mutanen wannan ɓangare aka yi, daji kuwa ba shi da ƙofa: ta yamma yana haɗe da Zamfara, ta kudu yana kallon dazukan jihar Neja, wanda ya shigo daga can kuma bai san da wata yarjejeniya ba. Goron Dutse sai dai ya nuna mini da hannu ya ce ta can yake.

A hanyar dawowa muka ji ƙarar injin yankan katako. Muka ci karo da kututturan maje sababbin yanka, da wani ramin gawayi yana hayaƙi. Sai buhunan nan na bakin titi suka faɗo mini a rai. Tsoro ya kashe noma da kasuwa, amma ya rage wa itatuwa masu sara, don ba kowa ke da zuciyar shiga daji da inji ba. Yanzu da hanya ta buɗe, motar da ke kawo mai saye ita ce ke fita da gawayi zuwa Kaduna. An ga irin haka a ƙasar Kolombiya: da gwamnati ta yi sulhu da 'yan tawayen FARC a 2016, saran daji ya ƙaru sosai a yankunan da suka bari. Ƙirya kuwa, wadda masu gawayi suka fi so, ba a shekara goma take girma ba. In aka yi sake, Kamuku zai tsira daga bindiga ya mutu a hannun inji, kuma a 'yan shekarun farkon zaman lafiyar nan ne za a yi ta ko a rasa ta.

Da dare a teburin mai shayi ba wanda ke maganar giwa. Zinariya ake magana. Wane ya samu, ya sayi babur biyu a rana ɗaya. Wane rami ya rufta da shi. Wani saurayi da ƙurar dutse ta yi wa fari a gashin ido ya nuna mini hoton ɗan ƙwallon zinariya a wayarsa, ya ce rabonsu ne na wata guda, su shida, bayan mai inji da mai rami da mai ba su abinci bashi sun cire nasu.

"Yaya, in Allah ya tsaga da rabonka, dare ɗaya ne," ya ce.

Zinariyar Birnin Gwari ba ƙarya ba ce. Turawan mulki sun haƙa a wajen Tsohuwar Birnin Gwari, ramukansu na nan. A 2016 El-Rufa'i ya taɓa cewa zinariyar wannan ƙaramar hukuma ta fi ta Afirka ta Kudu yawa, maganar da ta fi kama da ta jawo masu zuba jari fiye da ta masana ƙasa. Sai dai yadda ake haƙar a yanzu caca ce tsagwaronta: mutum ɗari su zuba ƙarfinsu da lafiyarsu, ɗaya ya ci, labarinsa ya riƙe sauran casa'in da tara a bakin rami, mai inji da mai saye kuwa kullum su ne da riba. Ga zaibar da ake wanke zinariya da ita tana bin ruwa zuwa rafi. Ga darasin maƙwabta: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum na Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, nan kusa da Birnin Gwari. Ramin zinariya kuma shi ne wurin da mai bindiga ya fi saurin komawa karɓar haraji.

Garin da ya jingina da sa'a yana da misali a Amurka. Atlantic City, a jihar New Jersey, wurin hutu ne na bakin teku da ya tsufa, baƙi suka daina zuwa. A 1976 aka halatta caca don a farfaɗo da shi, a 1978 aka buɗe gidan caca na farko. Kuɗi ya shigo kamar ba zai ƙare ba, har a 2006 gidajen cacar suka tara sama da dala biliyan 5. Amma baƙo kan sauka daga bas ya shige gidan caca, ya fito ya koma bas, bai taka unguwannin garin ba, talaucin mazauna kuwa yana nan inda yake. Da jihohin maƙwabta irin su Pennsylvania suka buɗe nasu gidajen, sai kasuwa ta watse: a 2014 kaɗai guda huɗu cikin 12 suka rufe. Daga baya ne masu garin suka koma neman abin da suka yi watsi da shi tun farko, wato tekun, da masu zuwa taro, da iyalai, har da reshen jami'a. Mu ba mu da gidan caca, Allah ya kiyaye, amma ramin zinariya na iya yi wa Birnin Gwari abin da teburin karta ya yi wa wancan gari: kuɗi ya bi ta cikinsa ya wuce, daji da gona su lalace a banza.

In ana maganar yawon buɗe ido a ofisoshinmu, Bature mai kyamara ake hangowa. A ganina shi ne na ƙarshe a layi, kuma bai kamata a kashe ko kwabo don jawo shi yanzu ba. A Agustan 2020 an kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, wurin raƙuman dawa da ke kusa da Yamai, kuma harin rana ɗaya ya isa ya kore baƙin waje na shekaru. Baƙon da Birnin Gwari ta sani, wanda kuma ya riga ya fara dawowa da kansa, shi ne direban tirela da falken shanu da mai sayen masara. Abin da yake bukata ba ya da wuyar faɗa: a gyara titin nan gyara na gaskiya tun daga Mando har Tegina, a yi masa filin ajiye manyan motoci mai katanga da fitila da ruwa da banɗaki da masallaci, sabis ɗin waya ya tsaya da ƙafarsa a duk tsawon hanya. Direban da ya kwana lafiya a gari, ya kai labari Legas da Sakkwato, ya fi duk wata sanarwa da za a biya a talabijin.

Bayansa sai 'yan asalin ƙasar da suka watsu a Kaduna, Zariya, Funtuwa da Minna, waɗanda wasunsu sun haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin gidan kakansu ba. Hawan Sallah na masarauta, in aka tsaya aka raya shi, zai dawo da su gida shekara-shekara. Ga madatsar ruwa ta Bagoma kusa da gari, wadda da 'yan rumfuna da tsaro za ta zama wurin shan iska na yamma. Ga zuma, man kaɗe da daddawa, waɗanda duk daga itatuwan da ake sarewa suke fitowa. Matar da ke samun kuɗin makarantar 'ya'yanta daga kaɗanya, ita ce za ta fara yi wa mai inji ihu.

Gandun kansa kuwa aiki ne na haƙuri, amma an yi irinsa a wuraren da suka fi nan shan wuya. Gandun Akagera a Ruwanda ya kusa ƙarewa bayan kisan ƙare dangi na 1994. A 2010 gwamnati ta haɗa hannu da ƙungiyar African Parks, a 2015 aka dawo da zakuna, a 2017 aka dawo da karkanda, kuma 'yan ƙasar na daga cikin mafi yawan masu ziyartarsa. Ruwanda tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta don ƙauyukan da ke kewaye da su. Zakuma a Cadi, inda mahaya dawaki masu bindiga suka rage giwaye daga kusan 4,000 zuwa ƙasa da 500, shi ma ya farfaɗo bayan 2010. A gida ma, Gashaka Gumti ya sami abokin aiki mai zaman kansa, ƙungiyar ANI, wadda ke ɗaukar matasan yankin aikin sintiri. A duk wuraren nan da ma'aikaci aka fara: albashi a kan lokaci, takalmi, rediyon oba-oba, hanyar sintiri da aka share, sannan ƙidayar abin da ya rage na dabbobi. Ɗakin kwanan baƙi daga baya ya zo.

Akwai wurin da maganar ke da ɗaci. Ba wanda ya san dajin nan kamar makiyayi da maharbi. Su suka san mashayar da ba ta ƙafewa, su suka san inda gwanki ke kwana. Gandun da aka tsare ba tare da su ba, da su zai yi ta faɗa. Amma ranar da aka ba tsohon ɗan bindiga kaki da albashi, alhali ɗan sa-kan da ya rasa ƙafa yana kare ƙauyensu na zaune ba aiki, an shuka wata fitinar. Dole a ɗauka daga kowane ɓangare, a bainar jama'a, da sanin hakimai da arɗoɗi, a kuma shata burtali da mashaya a wajen gandun yadda makiyayi zai ga ba korarsa ake yi ba. Ga kuma sarƙaƙiyar iko: gandun na Tarayya ne, sulhun na jihar Kaduna ne, ƙasar ta masarauta ce, rabin dajin kuma yana Zamfara. Muddin waɗannan huɗun ba su zauna a tabarma ɗaya ba, hanyar sintirin nan da muka tsaya a bakinta za ta ci gaba da zama ciyawa.

Kafin in bar garin na haɗu da wani malamin sakandare mai koyar da ilimin halittu. Ya ce ɗalibansa an haife su a bakin gandun ƙasa, amma hoton gwanki a littafi suke gani, wasunsu ma sun ɗauka Kamuku sunan sansanin 'yan bindiga ne kawai. Yana son ya kai su ko da bakin daji ne, 'yan babban aji, bas ɗaya, a je da safe a dawo kafin la'asar, da rakiyar ma'aikatan gandun.

"Me ya hana, Malam?" na ce.

"Iyaye," ya ce. "Bayan Kuriga, wane uba ne zai sa hannu a kai ɗansa daji? Ni ma da nake uba sai na yi tunani."

Ya riga ya buga takardar neman izinin iyayen, tana cikin durowar teburinsa, bai raba ba tukuna. Ya ce yana jira ya ga yadda damina mai zuwa za ta wuce. A rani daji a buɗe yake, ana hango mutum daga nesa, motar soja na iya shiga. Da damina ne ciyawa ke fin mutum tsawo, rafuka su cika, hanyoyi su yanke, kuma a shekarun baya a lokacin ne aka fi ɗaukar manoma a gonakinsu. In aka yi shuka aka yi noma aka girbe ba a taɓa kowa ba, to, zai raba takardar a zangon farko, su tafi cikin Disamba, lokacin da ciyawa ta kwanta.